Layar Zana a Kan Tabarma: Wane Sihiri Ke Samun Wanda Ba a Gani?

Gardamar ta tashi ne ana tsakiyar shayi na biyu. Mu shida ne a kan tabarma a ƙofar gidanmu da ke Birni, fitilar caji a tsakiya don wuta ta ɗauke tun magariba, ga faffaɗar takardar da muka tsaga wa gidaje kamar na dara, an danne kusurwoyinta da kofuna kada iska ta kwashe. Ni ke jan wasan a daren. A cikin labarin, jaruman sun ritsa wani mugun boka a ƙuryar kogo, shi kuwa ya yi abin da duk boka mai hankali zai yi, ya ɓace. Ƙanen abokina, wanda ke riƙe da matsafin tawagar, ya ce zai sakar masa kiban sihiri, waɗanda kowa ya san ba su kuskure. Na ce ba za su tashi ba.

"Haba Yaya! Kai da bakinka ka ce mun ji tarinsa kusa da randa. Kuma yanzun nan ka bar Malam ya jefa masa tartsatsin wuta a wurin. Shi ɗan mowa, ni ɗan bora?"

Malam, wanda lissafi yake koyarwa kuma ba ya son a sa shi cikin rigima, ya sunkuyar da kai yana juya kofi. Sauran suka rabu biyu. Aka bar boka a ɓace, aka koma kan takardun doka har shayin ya huce.

Ga wanda bai san abin da muke yi ba, wasan Dungeons & Dragons ne, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, yanzu kuma yana hannun kamfanin Wizards of the Coast. Tatsuniya ce da ake ƙagawa tare. Mutum ɗaya yana ba da labari yana kuma yanke hukunci, sauran kowa na riƙe da jarumi guda, in aka zo abin da ke iya yiwuwa ko ya ƙi sai a jefa ƙwaya irin ta lido, amma babbar cikinsu fuska 20 gare ta. Bugu na biyar muke bi, na 2014, wanda aka yi wa gyara a 2024. Mu a nan Damagaram da Faransanci muke karanta shi, shi ya sa awonmu da mita ne, kowane gida a takarda mita ɗaya da rabi. Sihirin da ake magana kuwa tawada ce a takarda da lambobi a kan ƙwaya, kamar yadda na sha faɗa wa kawuna da ya taɓa tsayawa a kanmu yana kallonmu a karkace.

Mu muka sa wa sihirin ɓacewa suna layar zana, kuma ina jin sunan ne ya fara ɓatar da mu. A labaran da muka tashi muna ji, na mafarauta da mayaƙa da ɓarayin da, mai layar zana ko baduhu in ya ɓace to ya ɓace ke nan. A kai sara a sari iska. Dokar wasan ba ta ba shi wannan gatan ba. Abin da ta ce shi ne ba a iya ganinsa sai da taimakon sihiri ko wata baiwa ta daban, amma ana iya gane inda yake ta motsin da ya yi ko sawun da ya bari. Jikinsa na nan, nauyinsa na nan, in ya taka rairayi zai lotsa, in ya yi tari za a ji. Ido kaɗai aka rufe. Har kayan haɗin sihirin da littafin ya ambata suna nuna haka: gashin ido guda a cikin ƙaro. Ƙaron da za ka saya da ƴan canji a Kasuwar Dole.

Daga nan ne ake samun rabuwar da in mutum bai riƙe ta ba, duk sauran bayani zai zame masa. Wanda ba a gani daban, wanda ba a san inda yake ba daban. Na biyun shi doka ke kira ɓoyayye, kuma ta fayyace shi da cewa ba a ganinsa, ba a jinsa. Layar zana rabin aikin take yi maka. Sauran rabin sai ka kashe damarka ta wannan zagaye, wato aikin da kowane jarumi ke yi in layi ya zo kansa, ka yi aikin ɓuya, ka jefa ƙwaya a kan gwanintarka ta sanɗa, a gwada sakamakon da kaifin lurar abokan gaba, wanda ake lissafawa da 10 a tara da ƙwarewarsu. Amfanin layar a nan shi ne ta ba ka damar gwada ɓuya ko a tsakiyar fili da rana tsaka, inda wani sai ya nemi bango ko duhu. Bokanmu bai yi wannan ba. Ya kashe damarsa wajen karanta sihirin, ya taka gida uku, ya tsaya. Saboda haka na ce sun ji tarinsa. Da ɓarawon tawaga ne, wato jarumin da sanɗa ce sana'arsa, da ya kai mataki na biyu, da ya iya haɗa ɓuyar a zagaye ɗaya da wani aikin, don shi an ba shi wannan a matsayin ɗan ƙari. Boka bai da shi.

To an san inda yake. Me zai same shi? Amsar ba ta cikin babin layar zana. Tana cikin lafazin sihirin da kake son jefawa, kuma dole a buɗe a karanta shi kalma bayan kalma, don masu rubutun sun ɓoye hukuncin a cikin ƴan kalmomi uku ko huɗu da ido ke tsallakewa.

Ɗauki tartsatsin wutar Malam. Ƙaramin sihiri ne da ba ya ƙarewa, yana kai mita 36, kuma abin da aka rubuta shi ne ka jefa shi kan wata halitta ko wani abu da ke cikin wannan nisan, sannan ka yi jifan hari, wato ka jefa ƙwaya a ga ko ka same shi. Babu inda aka ce sai ka gani. Saboda haka hukuncinsa ɗaya ne da na mai baka ko mai mashi: ka nuna gidan da kake zato, ka jefa ƙwaya da tawaya. Tawaya ita ce a jefa ƙwaya mai fuska 20 sau biyu a ɗauki ƙaramar lamba, kishiyarta kuma fifiko, inda ake ɗaukar babbar. Malam ya yi mana lissafin a bayan kaye. In kana bukatar 11 ko sama, damarka rabi ce, kashi 50 cikin ɗari, amma da tawaya sai ka ci sau biyu a jere, sai ta koma kashi 25. In 6 kake bukata, daga kashi 75 za ta sauko kusan 56. Wato tawaya ta fi cizon wanda dama abin ya yi masa wuya. Mugun sara kuwa, wanda sai 20 ta fito, daga ɗaya cikin 20 ya koma ɗaya cikin 400.

In kuma boka ya yi ɓuyar gaske, sai canke ya hau kan wannan. Ka ce gida kaza, in ba ya nan ka yi kuskure ko 20 ka jefa. Gidaje uku kake zato, damarka ta kashi 25 ta zama wajen kashi 8. Kuma doka ta shawarci mai jan wasa ya ce kawai "ba ka same shi ba", kada ya bayyana ko hannu ne ya kauce ko wurin ne babu kowa. Ni nakan bar mutum ya jefa ƙwayarsa ko na san gidan fanko ne, don in na hana shi jifa na riga na tona asiri.

Kiban sihiri fa? Sihirin mataki na ɗaya ne, kibau uku, kowace tana cin tsakanin maki 2 zuwa 5, ba a jifan hari, ba a jifan tsira, wato ƙwayar da wanda aka nufa ke jefawa don ya kuɓuta. Amma jimlar ta ce kowace kibiya tana samun halittar da ka zaɓa, wadda kake gani. Wannan "wadda kake gani" ita ce ƙofar. Ba tawaya ake ɗora maka ba, hanyar ce gaba ɗaya a rufe, ko da bokan yana tsaye a kan yatsan ƙafarka yana rera waƙa. Yaron ya ce wannan ba hankali, yaya kibiyar da ba ta kuskure za ta kasa abin da tartsatsi ke iyawa? Ni a wurina hankalin ke nan. Tartsatsi hannunka ke saita shi, kana iya watsa shi cikin duhu kamar dutse. Kibiyar kuwa idonka ne ke jan ta har ta isa, shi ya sa ba ta kuskure, kuma shi ya sa in ido bai kama komai ba babu abin da za ta bi. Farashin rashin kuskurenta ke nan. Wannan fassarata ce, littafin bai ba da dalili ba, amma hukuncin dai a rubuce yake.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne su ɗauka akwai wata ƙa'ida ta bai ɗaya, misali a ce duk sihirin da ke sa abokin gaba jifan tsira yana bukatar gani, ko a ce duk sihiri sai an ga wanda za a jefa wa. Babu wannan a babin sihiri. Abin da babin ya shardanta wa kowa shi ne hanya ta kasance a buɗe, wato kada wanda ake nufi ya kasance bayan abin da ya kare shi ruf. Gani kuwa kowane sihiri da nasa. Wanda muke kira sagau, mai sandarar da mutum a mataki na biyu, ya ce sai mutumin da kake gani cikin mita 18. Harshen wutar da limamin tawaga ke saukarwa daga sama shi ma haka. Amma makari, sihirin mataki na uku da ke warware wani sihirin, cewa ya yi ka zaɓi halitta ko abu ko tasirin sihiri cikin mita 36, bai ambaci gani ba. Saboda haka in an san inda boka yake, ana iya karya masa laya, kuma layar iri biyu ce, ƙarama da babba: tunda ƙaramar ta mataki na biyu ce, take za ta faɗi ba tare da jifa ba. Babbar, ta mataki na huɗu, wadda ba ta faɗuwa ko mai ita ya kai hari ko ya karanta sihiri, sai an jefa an samu 14.

Wannan ƴar jimla ta gani tana saran kowane ɓangare, har naku. Akwai kalmar waraka da ake jefa wa aboki daga nesa, ita ma ta ce wanda kake gani. Ranar da ɓarawonku ya sha layar zana ya shiga tsakiyar maƙiya aka ji masa ciwo, limaminku ba zai iya warkar da shi daga nesa ba, sai ya lallaba ya taɓa shi da hannu. Sihirin katse karatun wani, wanda ake yi a daidai lokacin da abokin gaba ya fara nasa, sharaɗinsa ka ga mai karantawa cikin mita 18, don haka boka mai babbar laya yana zuba sihiri ba mai katse shi. Haka saran da ake kai wa wanda ya juya baya zai bar gabanka, shi ma sai maƙiyin da kake gani. Mai layar zana yana iya fita daga tsakanin mayaƙa uku salin alin. Na ga mutane da yawa suna manta wannan, su kai sara, mai jan wasa ma ya manta ya bar su.

Sai sihirin da ba ruwansa da kowa, wanda wuri ake jefa wa. Dunƙulen wuta shi ne sarkinsu: mataki na uku, ka zaɓi wuri cikin mita 45, ya fashe ya cinye mita 6 ta kowane gefe, har yana zagaya kusurwa. Ƙwaya takwas masu fuska shida, matsakaicinsu 28, wanda ya ci jifan tsira ya sha rabi. Layar zana ba ta ƙara wa mai ita komai a wannan jifan. Babu tawaya, don babu jifan hari. Sharaɗi ɗaya ne, ya kasance cikin da'irar, kuma da'ira mai faɗin mita 12 tana yafe wa mai canke kurakurai da yawa. Sihirin barci na bugun 2014 ma haka yake, wuri ake nunawa. Abin kiyayewa kawai shi ne in ka nufi wurin da ba ka gani alhali akwai bango tsakani, wutar a gefenka na bangon za ta tashi.

Kuma wuta tana yin aiki biyu. Layar zana, ƙarama da babba, duk sai mai karanta ta ya riƙe hankalinsa a kanta, ƙaramar har awa guda, babbar minti ɗaya. Duk lokacin da aka ji masa ciwo sai ya yi jifan tsira na juriya, ya samu 10 ko rabin makin da aka ci masa, wanda ya fi yawa. Dunƙulen wuta ya ci masa 28, sai ya nemi 14. In ya faɗi, laya ta tsinke, ga shi tsaye kowa na kallo. Sai dai a lura da wane ne ke riƙe da sihirin. In wani ne can baya ya shafa wa ɓarawo layar, dukan ɓarawon ba zai karya ta ba, mai shafawar za a nema.

Ƙaramar layar tana da wani rauni da kowa ya sani, tana faɗuwa da zarar mai ita ya kai hari ko ya karanta sihiri. A lafazin 2014 an bar ƴar kafa, don akwai ɓarnar da ba hari ba ce kuma ba sihiri ba ce a ma'anar doka, kamar hucin wutar dodo. Gyaran 2024 ya toshe ta, ya ce tana faɗuwa nan take bayan jifan hari, ko jin ciwo da mai ita ya jawo wa wani, ko karanta sihiri. Kalmar "bayan" ɗin nan ma ta kashe wata tsohuwar gardama, ta ko saran farko yana samun fifiko. Yana samu.

Akwai wani abu da ke ba sababbin shiga mamaki. Fifiko da tawaya in sun haɗu suna kashe juna, ko ɗaya ya fi ɗaya yawa. To a ce an tada hazo ko duhun sihiri ya rufe kowa. Kai ba ka ganinsa, tawaya. Shi ma ba ya ganinka, fifiko. Sai ka jefa ƙwaya ɗaya kamar rana tsaka. Makafi biyu suna faɗa kamar masu ido. Abin dariya ne, amma haka lissafin ya ba da, kuma dabara ce ta gaske: in mai layar zana ya addabe ku, ku rufe kowa da hazo, ribarsa ta tafi. Sai dai kun rufe wa kanku duk sihirin da ke bukatar gani.

Yanzu ga babbar rigimar, wadda ta fi ƙarfin tabarmarmu, don masu wasan nan a ko'ina sun yi shekaru suna ta da jijiyar wuya a kanta. Akwai sihirin mataki na biyu da muke kira buɗe ido, mai awa guda, ba ya ma bukatar riƙon hankali, wanda ke sa ka ga ɓatattun halittu da abubuwa kamar ba su ɓace ba. Kowa zai ɗauka shi ke nan, laya ta tashi aiki. Amma a littafin 2014 an rubuta halin ɓacewa a sakin layi biyu masu zaman kansu. Na farko ya ce ba a ganinka sai da sihiri. Na biyu ya ce harin da aka kawo maka yana da tawaya, naka yana da fifiko, kuma bai ce "sai in ana ganinka" ba. Masu bin lafazi suka ce to buɗe ido ya warware na farko kawai. Kana kallon bokan ƙuru-ƙuru, kana iya sakar masa kibau da sagau tunda kana ganinsa, amma in ka kai masa sara har yanzu da tawaya. Hujjarsu mai ƙarfi ita ce wutar aljanu, sihirin mataki na ɗaya da ke zagaye jikin duk wanda ya faɗi jifan tsira da haske shuɗi ko kore ko shunayya a cikin murabba'in mita 6. A can an rubuta ƙarara cewa wanda ta kama ba ya amfana da ɓacewarsa. Suka ce da haka ake nufi da buɗe ido, da an rubuta. Jeremy Crawford, wanda ya yi shekaru yana jagorantar tsara dokokin wasan kafin ya bar kamfanin a 2025, shi ma ya taɓa bayyana cewa haka lafazin yake.

Ban taɓa yanke hukunci da wannan ba, kuma ba don ban fahimci hujjar ba. A batun kiban sihiri na tsaya kan lafazi saboda lafazin yana faɗin wani abu da gangan, an sa sharaɗin gani a wasu an cire a wasu, kuma in ka bi su za ka ga tsari. A batun buɗe ido kuwa abin da ake kafa hujja da shi shiru ne, jimlar da ba a ƙarasa ba. Dalilin tawayar tun asali rashin gani ne, babin hari ma ya faɗi haka da kansa. In dalili ya tafi me ya rage? Sihirin ya ce za ka gan su kamar ba su ɓace ba, to wanda bai ɓace ba ai ba a kai masa sara da tawaya. Mutum ya kashe sihirin mataki na biyu, daidai da farashin layar kanta, sannan a ce masa rabin magani ya saya, wannan cin zali ne. Gyaran 2024 ya zo ya ƙara jimlar da ta ɓata, cewa in wata halitta tana iya ganinka ta kowace hanya, ba ka da wannan ribar a kanta. Ya kuma tattara hukuncin kibau wuri ɗaya, ya ce duk abin da ke bukatar a ga wanda ake nufi ba ya kama ɓatacce sai in mai jefawar na ganinsa. Sai dai sun gyara ɗaki sun ɓata zaure, don a sabon tsarin wanda ya ci jifan ɓuya na 15 ana ba shi wannan hali ɗaya da na mai layar zana, sai aka koma gardamar ko wanda ya laɓe bayan buhu ya ɓace ne da gaske.

Wani abin da ke rikita mu shi ne ba duka muka koyi wasan daga bugu ɗaya ba. Wanda ya fara da na 2003 yana tuna cewa ko ka ci jifan hari a kan ɓatacce, sai an sake jefawa, rabi da rabi, kafin a ce ka same shi. A bugu na huɗu, na 2008, maki 5 ake ragewa. Pathfinder na biyu, na 2019, ya kasa abin hawa huɗu, daga wanda ake kallo, zuwa wanda aka san gidansa ba a ganinsa, zuwa wanda aka san yana nan ba a san ina ba, zuwa wanda ba a ma san da shi ba, kuma wanda aka san gidansa sai an jefa ƙwaya an samu 11 kafin hari ya isa gare shi. Ni wannan kason nasu ya fi kwanta mini, don ya raba abin da bugu na biyar ya bari a dunƙule. Amma ba a kawo dokar wani gari a yi shari'a da ita a wani. Rabin gardamarmu mutum ne ke tuna gaskiyar wani littafi.

Saura abin da littafi bai taɓo ba, kuma a nan ne ƴan Damagaram suka fi ƙwarewa. Kowa na son ya watsa gari. Garin gero, toka, ƙasa, har wani ya taɓa cewa zai fasa tulun man gyaɗa. Sihirin ya ce abin da mutum ke sanye da shi ko yake ɗauke da shi yana ɓacewa tare da shi muddin yana jikinsa. To garin da ya manne masa, ɗauke yake da shi? Babu amsa a rubuce, hukuncin mai jan wasa ne. Nawa shi ne gari yana tona gida. Wanda ya watsa ya kashe damarsa, in boka na wurin kowa ya san inda yake, kuma in ya taka za a ga sawu, ɓuya ta yi masa wuya. Amma tawaya na nan, kuma ba na lissafa shi a matsayin gani, don in mudun gero zai yi duk aikin wutar aljanu babu wanda zai ƙara ɓata sihiri a kanta. Wani mai jan wasan zai iya cewa gari yana ba da gani na zagaye ɗaya, ba zan ce ya yi kuskure ba. Abin da nake nema a wurinsa shi ne ya faɗa tun kafin a watsa, kuma ranar da maƙiya suka watsa wa ɓarawon tawaga toka, hukuncin ya zama ɗaya.

A daren nan dai yaron ya karɓi takardar da kansa, ya haska da waya, ya karanta jimlar sau biyu yana bin ta da yatsa. Ya ce, "To Yaya, dunƙulen wuta fa? Shi ma sai na gan shi?" Na ce a'a, wuri kawai zai nuna. Ya ɗora yatsa a kan randa. Ƙwaya takwas suka ba da 31, boka ya faɗi jifan tsira, ya zo riƙon hankali yana neman 15 ya samu 9, sai ga shi tsaye rigarsa na hayaƙi. Ana cikin ihu Malam ya ɗago kai a hankali, ya ƙirga gidajen da ke tsakanin jaruminsa da randar, don ya matsa kusa ɗazu yana son ya ji tarin da kyau. Gida uku ne. Ya miƙo hannu a ba shi ƙwaya.